Ja Ɗaya, Shuɗi Ɗaya

Malam Sabitu ya buɗe akwatina,
ya ƙirga fenti kala goma sha tara,
ya ce, "Kai, wannan ai Kantin Kwari ce."
Ya tsame uku: jan ƙasa, shuɗi, fari.
Sauran ya zuba a ledar burodi, ya rataye a ƙusa.
"Sai bayan wata biyu.
Wannan ɗumi, wannan sanyi.
Farin kuwa alƙali ne, kar ka cika kai masa ƙara."

Na hau benenmu a Fagge ina ƙunƙuni.
Farantina ɓallin gilashin taga,
allona murfin kwalin taliya da na shafe da fari,
buroshi biyu, gwangwanin kananzir,
da tsohuwar singiletin goge hannu.

Ranar farko na zana buta.
Ta fito kamar an tsamo ta daga kwata.
Na biyu, albasa uku a kan tabarma.
Ja ya hau shuɗi, shuɗi ya hau ja,
suka yi dambe har suka koma taɓo.
Fentin mai ba ya gaggawar bushewa,
kuskure sai ya kwana uku yana kallonka.

A mako na biyu na daina dama su kamar kunu.
Na ajiye su gefe da gefe, kowa da mazauninsa,
a tsakani na ja layin toka iri bakwai.
Nan na ga abin da ya sa na ajiye buroshi:
toka ɗaya tak,
a gefen shuɗi ta yi ɗumi kamar bangon da rana ta bari,
a gefen ja ta yi sanyi kamar gindin randa.
Ban ƙara mata komai ba.
Maƙwabci na sauya mata.

Daga nan unguwa ta shiga sauya mini.
Da asuba Laraba mai ƙosai tana hura wuta,
rabin fuskarta jan garwashi,
rabin na sararin da bai gama farkawa ba.
Hayaƙin da nake rantsewa fari ne,
ashe shuɗi ne idan ya bi ta gaban katanga.
Inuwar rumfar Tasi'u mai faci ba baƙa ba ce.
Shekara talatin ina wuce ta, ban taɓa tambaya ba.

Sai adaidaita sahu ta ba ni ciwon kai.
Ta ƙanena Nafi'u, a fake a bakin lungu,
ruwan ɗorawa shar, ni kuwa ba ni da shi.
Sau biyu na tsaya a ƙarƙashin ƙusar nan
ina kallon ledar burodi.
Na koma.
Na tsinka jan da fari har ya kusa suma,
na kewaye shi da tokar da ta sha shuɗi,
kwalta, bango, rigar mai wucewa,
duk na sanyaya su, na bar shi shi kaɗai da ɗuminsa.

'Yar Nafi'u, Zubaida, mai shekara biyar,
ta leƙo da ƙosai a hannu,
ta nuna da yatsa mai maiƙo:
"Keken Baba! Ga ruwan ɗorawarsa!"
Na duba faranti.
Ja, shuɗi, fari.

Jiya wata biyu suka cika.
Malam Sabitu ya jera kwalayena ashirin da shida a ƙasa,
ya bi su da ido, bai ce uffan ba,
sai a kan butar farko ya yi dariya.
Ya sauko da ledar, ya miƙo mini.
Na buɗe. Kore, rawaya, ruwan hoda,
duk suna magana lokaci guda.
Na ɗauki ɗaya, na juya shi a hannu,
murfin ya kafe.

Na ce, "Malam, a bar ta a ƙusar tukuna.
Ban gama da inuwar Tasi'u ba."